Karyar da aka ba ka riƙo: ta wa ce a idon doka?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Kubwa, Abuja. Wata bakwai da suka wuce wata ƙungiyar masu ceton karnuka ta ba ni riƙon wata karya da suka tsinto a bakin titi, daga ƙashi sai fata. Ba su da gidan ajiye karnuka, a gidajen masu sa kai suke rarraba su. Na sa hannu a takarda shafi ɗaya. Ni nake ciyar da ita, kuma da ta yi zazzaɓin kaska ni na biya likita. Yanzu da ta murmure sai suka ce sun samo wanda zai ɗauke ta dindindin. Ni kuwa so nake in kai ta gonar kajina a Kuje ta yi gadi. Na ce ba zan bayar ba sai an biya ni abin da na kashe, su kuma suna cewa za su haɗa ni da 'yan sanda. Ga shi kwanan nan ta ciji wani mai garuwa a ƙafa, yana neman kuɗin magani. Ina matsayina?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan wahalar da ka yi da dabbar nan. Sai dai gaskiyar magana, in har takardar da ka sa wa hannu ta riƙo ce, karyar ba taka ba ce tukuna. A doka kare dukiya ne, kuma wanda aka damƙa wa dukiyar wani don ya kula da ita, ajiya ce a hannunsa. Kamar makiyayi ne da aka ba kiwon saniya: ko shekara nawa ta yi a garkensa, ranar da mai ita ya zo sai ya kore abarsa. Daɗewa ba ta mayar da riƙo mallaka, ciyarwa ma haka.

Yana da kyau ka fahimci yadda irin waɗannan ƙungiyoyi ke aiki, don a nan ne hujjarsu take, a nan ne kuma taka damar take. Idan suka tsinto kare, ko mai shi ya miƙa musu saboda zai bar gari, likitan dabbobi ake fara kai wa. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, a yi masa allurar riga-kafi, musamman ta haukan kare wadda ake farawa daga wata uku da haihuwa a riƙa sabuntawa duk shekara, sau da yawa kuma a yi masa fiɗiya ko a cire wa mace mahaifa. Daga nan sai a kai shi gidan mai riƙo, wanda aikinsa shi ne ya yi jinya, ya saba masa da zaman gida, ya kuma riƙa gaya wa ƙungiya halinsa: yana son yara ko ba ya so, yana bin kaji, yana haura katanga. Mai neman ɗauka dindindin kuwa sai ya cike fom, a je a ga gidansa, a duba katanga da inuwa da wurin ruwa, a tambayi ko mai gidan hayarsa ya yarda. Wasu kan ba da mako ɗaya ko biyu na gwaji. Sai an gama wannan ake biyan kuɗin ɗauka, a sa hannu a takarda ta biyu, wadda ita ce ke sauya mallaka. Kai takarda ta farko kawai ke hannunka.

Saboda haka ɗauko ta ka karanta a tsanake, ka nemi abu huɗu: wa aka ce shi ne mai karyar, wa ke biyan abinci da likita, ko an hana ka fitar da ita daga adireshin da ka bayar, da kuma ko an ba mai riƙo fifiko in yana son ya ɗauka. Wannan na ƙarshe shi ne mafi amfani gare ka. Ƙungiyoyi da yawa sun fi son kare ya tabbata a gidan da ya riga ya saba, kuma in an rubuta haka amma suka tsallake ka ba tare da sun tambaye ka ba, su ne suka fara saɓa yarjejeniya. Ka kuma koma cikin saƙonninku na WhatsApp. In akwai inda wani mai iko a ƙungiyar ya ce maka a fili an bar maka ita, wannan na iya zama kyauta, tunda dama abin yana hannunka ba a buƙatar wata sabuwar miƙawa. Amma magana irin ta "ai da kai ta fi dacewa" yabo ne kawai, kotu ba za ta ɗauke shi kyauta ba. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar a kawo takardar da ke bayyana na'urar da saƙon ya fito kafin kotu ta karɓe shi.

Maganar cewa ba za ka bayar ba sai an biya ka, ina ba ka shawara ka janye ta. Wanda ya ciyar da dabba ya kula da ita ba shi da ikon yin garkuwa da ita don a biya shi, sai in an rubuta masa wannan ikon a yarjejeniya. Da zarar sun nemi abarsu a rubuce ka ƙi, sun samu damar kai ka kotun farar hula kan riƙe kayan da ba naka ba, a umarce ka ka mayar, wataƙila har da diyya da kuɗin shari'a. Kuɗinka batu ne daban, kuma ana bin sa daban. Na abinci da wuya ya dawo in takardar ta ce aikin sa kai ne. Na likita kuwa kana da ƙarfi a kansa in an rubuta su ne masu biya, ko kuma in ciwon ya taso da gaggawa ka neme su ba ka same su ba. Inda mutane suka fi yin asara shi ne sharaɗin da ke cewa sai an nemi izini tukuna, ko sai asibitin da ƙungiya ta zaɓa. Ka tattara rasit da katin asibiti mai hatimin likita, ka rubuta musu jimilla.

Game da 'yan sanda, a yadda abin yake yau saɓanin yarjejeniya ne, kuma sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32(2) na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan rigimar da ba ta laifi ba. In an gayyace ka, ka je da kwafin takardar da lauyanka, ka ce karyar tana nan gida lafiya. Amma lamarin zai sauya kala ranar da ka saka ta a mota ka kai Kuje a ɓoye, ko ka ba wani, ko ka ce ta ɓata alhali ba haka ba ne. A nan za a iya jawo maka sashe na 311 da 312 na Final Kod, dokar laifuka da ke aiki a Abuja, waɗanda suka shafi cin amana, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara bakwai. Ba na so ka shiga wannan a kan abin da takarda ɗaya za ta iya warwarewa.

Akwai kuma tambayar da kake da haƙƙin yi musu cikin ladabi: ƙungiyar tana da rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020? In ba ta da shi, ba za ta iya shigar da ƙara da sunanta ba, sai dai mambobinta su shigar a madadinta. Wannan ba ya ba ka karyar, amma yana nuna maka da wa za ka yi sulhu, kuma sa hannun wa ne zai yi amfani a takardar ɗauka. Ka tambaya har ila yau ko sun yi cigiyar mai ita lokacin da suka tsince ta. Ba wanda ke iya ba da abin da bai mallaka ba, don haka in asalin mai ita ya bayyana da hujja, ku duka za ku iya rasa ta.

Cizon mai garuwa shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka, kuma shi za ka fara da shi yau ɗin nan. Doka tana duba wanda kare ke ƙarƙashin kulawarsa lokacin da abin ya faru, ba mai sunan mallaka kaɗai ba, wato kai ne na farko da za a tambaya. Ka kai bawan Allahn nan asibiti ko da raunin ya fara warkewa, likita ya yanke ko zai karɓi alluran kariya daga haukan kare, don cutar in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. Ka duba kwanan watan allurar da ke katin karyar, ka killace ta kwana goma likitan dabbobi yana lura da ita, ka kuma sanar da ƙungiyar a rubuce. Ka biya kuɗin maganin, ku rubuta abin da aka biya a gaban shaidu biyu, sannan ka duba ko takardarku ta ce ƙungiya za ta ɗauki wani kaso. Daga yanzu kuma ka san ta taɓa cizon mutum. In ta sake, cewa "ban yi sakaci ba" ba zai fisshe ka ba. Duk wanda zai ɗauke ta ma dole a gaya masa.

In da gaske kana son ta, rubuta musu a makon nan cewa kana neman ɗaukarta dindindin, ka yarda a zo a duba, ka kuma nemi a cire kuɗin likitan da ka biya daga kuɗin ɗauka. Ka faɗi maganar gona tun yanzu. Tsantseninsu yana da dalili: karen da aka bayar ba bincike yakan ƙare ɗaure da sarƙa cikin rana, ko a hannun 'yan kasuwa masu kai karnuka kasuwar Dawaki a Filato. Ka nuna musu wanda ke kwana a gonar, da shingen, da rumfar da za ta fake, da wanda zai ba ta abinci da ruwa kullum, domin azabtar da dabba ko wulaƙanta ta laifi ne a Final Kod. Kafin ka sa hannu ka tabbata takardar ta ce mallaka ta koma kanka, ka kuma lura da sharaɗin da kusan duka suke sakawa, cewa in ka gaza riƙe ta su za ka mayar wa, ba ka sayar ko ka kyautar ba. In suka ƙi ba tare da dalili ba, ka nemi ku je sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja kafin kowa ya shigar da ƙara. In can ma ba a daidaita ba, ka miƙa ta tare da katin allurarta, su sa maka hannu sun karɓe ta lafiya a rana kaza, sannan ka bi kuɗin likitanka a kotun gunduma.