Shin da Gaske Akwai Ɓoyayyen Saƙo a Bidiyon Waƙoƙin Zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum sai mun yi gardama a majalisarmu kan bidiyon waƙoƙin Turawa da na 'yan Kudu. Wani abokina ya dage cewa duk mawaƙin da ya rufe ido ɗaya a hoto, ko ya haɗa yatsunsa suka yi siffar dala irin ta gyaɗa, ɗan ƙungiyar asiri ta Illuminati ne, kuma babu abin da ake sakawa a bidiyo a banza. Ni kuwa ina ganin ado ne kawai da neman kuɗi. Don Allah ta yaya mutum zai gane ma'anar abin da yake kallo? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar abokinka cewa ba a saka komai a banza, haka take. Kafin a kunna kyamara, darakta yakan rubuta tsarin bidiyon ya kai wa mawaƙi da kamfaninsa su amince. Sannan ga mai zaɓen tufafi, ga mai kwalliya, ga mai haske, ga mai tsara rawa, ga wanda zai zauna gaban kwamfuta yana yanka da gyara launi. Kowannensu kuɗi ake biyansa. Hular da ka gani a kan mawaƙi, akwai wanda ya zaɓe ta ya bar wasu.

Inda na saɓa da shi shi ne batun ɓoyo. Wanda ya kashe miliyoyi a kan bidiyo so yake a gane shi, a yi ta maganarsa, a sake kallo. Saboda haka ma'anar da yake sakawa aro take daga abin da masu kallonsa suka riga suka sani: tarihin ƙasarsu, labaran da suka gani a talabijin, addininsu, tsofaffin hotuna. Lamarin kamar habaicin makaɗin fada ne. Ba ya kiran suna, amma duk wanda ke zaune a fadar ya san wanda ake nufi, kuma da babu wanda zai gane da makaɗin ya yi aikin banza. Baƙon da ya shigo daga wata ƙasa shi ne zai ɗauka asiri ake yi. Mu nan baƙi ne a fadar waƙoƙin Amurka, shi ya sa abin da yake a fili gare su yakan zame mana duhu.

Ɗauki bidiyon This Is America na Donald Glover, wanda ake kira Childish Gambino, da Hiro Murai ya shirya aka saki a watan Mayun 2018. A wani ƙaton ɗakin ajiye kaya aka ɗauka. Wani mutum ya zauna yana kaɗa jita, Glover yana rawa ba riga, fuskarsa tana sauyawa daga murmushi zuwa zaro ido. Da kyamara ta dawo kan makaɗin sai ga shi an lulluɓe masa kai. Glover ya zaro bindiga, ya karkace jiki ya turo ƙugu, ya harbe shi ta ƙeya. Wannan karkacewar, Ba'amurken da ya san tarihinsa zai tuno zanen Jim Crow, wani wasan da Turawa ke yi tun wajen 1830, su shafe fuska da baƙi suna yi wa baƙar fata ba'a, wanda daga baya aka laƙaba sunansa ga dokokin wariyar launin fata.

To amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya biyo bayan harbin. Wani yaro ya taho da jan ƙyalle ya karɓi bindigar da hannu biyu cikin girmamawa, ita kuwa gawar jan ta aka yi a ƙasa. Can gaba ya buɗe wuta a kan mawaƙan coci, aka sake karɓar bindigar da jan ƙyalle. Sau biyu ke nan. Abin da aka maimaita ba kuskure ba ne, kuma ba ka buƙatar wani ya fassara maka: ƙasar ta fi tattalin bindiga a kan ran ɗan Adam. Harbin mawaƙan cocin kuma ya tuna wa mutane kisan da aka yi wa baƙar fata 9 a wata coci a Charleston a 2015. Duk wannan yana faruwa, yara 'yan makaranta suna ta rawa a gaba, har da gwara-gwara ta Afirka ta Kudu, domin wadda ta tsara rawar, Sherrie Silver, 'yar Afirka ce haifaffiyar Ruwanda. Idonka yana kan rawar, a baya ana gudu, mota tana ci da wuta, wani ya wuce a kan farin doki. Sai a kallo na biyu za ka lura da su, kuma wannan shagaltar da aka yi da kai tana cikin saƙon. Glover ya ƙi yin bayanin bidiyon da aka tambaye shi, amma ba a rasa gane shi ba, har ya ci kyautar Grammy a 2019.

Makonni kaɗan bayan haka mawaƙin Najeriya Falz, ɗan lauya Femi Falana, ya fitar da This Is Nigeria bisa wannan salon, kuma a nan mu ne 'yan fada. Da muka ga maciji da kuɗi a cikin ƙwarya, ba wanda ya ce alamar wata ƙungiyar asiri ce. Kowa ya tuna labarin naira miliyan 36 da aka ce maciji ya haɗiye a ofishin hukumar JAMB a Binuwai a farkon shekarar. Haka kwalbar kodin, haka 'yan sandan SARS. Ba'amurke kuwa da zai ga macijin nan, Allah kaɗai ya san fassarar da zai yi masa.

Wannan bidiyon ya nuna wani abu kuma: hoto ɗaya yakan sauya ma'ana in ya ƙetare Kwara. An nuna 'yan mata sanye da hijabi suna rawar shaku-shaku, an kuma nuna wani cikin shigar Fulani ya ajiye abin kiɗa ya ɗauki adda ya sari mutum. Ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi ta MURIC ta ba Falz wa'adin kwana 7 ya janye bidiyon, shi kuma ya ce 'yan matan Chibok yake nufi, waɗanda aka sace a 2014 gwamnati ta kasa dawo da su duka. Ban ƙaryata shi ba. Ga mutumin Legas, hijabin nan yana tuna masa bidiyon da Boko Haram ta fitar na 'yan matan suna zaune a ƙasa. Ga mutumin Gusau ko Kano kuwa, hijabi tufar da ƙanwarsa ke sawa ta tafi Islamiyya ce, kuma ita ya gani tana rawa a bainar jama'a. A ganina Falz ya yi nufin alheri amma bai auna idon Arewa ba, hoton Bafulatanin kuma ya fi muni, domin ya ɗora wa ƙabila guda laifin wasu 'yan ƙalilan. Niyyar mai bidiyo daban, abin da ya isa ga mai kallo daban, kuma mai nazari dole ya riƙe duka biyun.

Yanzu ga batun ido ɗaya. Na san abin da ya sa yake tsaya mana a rai: hadisi ya siffanta Dujal da mai ido ɗaya. Amma ita Illuminati ta tarihi, wani malamin jami'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta a yankin Bavariya na Jamus a 1776, kuma gwamnatin yankin ta haramta ta cikin shekara goma. Idon da ke saman dala a takardar dalar Amurka daga hatimin ƙasar ya fito, wanda aka amince da shi a 1782, kuma tsohuwar alama ce ta Kiristocin Turai mai nufin Ubangiji yana ganin kowa. Alamar haɗa yatsu da mawaƙin Amurka Jay-Z ya shahara da ita ta kamfaninsa ce, Roc-A-Fella, kuma lu'ulu'u ake nufi da ita. Rufe rabin fuska kuwa tsohuwar dabarar masu ɗaukar hoto ce, don fuskar da ba ta daidaita ba ta fi tsayar da ido. Da jita-jitar ta yi ƙarfi, ina da yaƙinin wasu mawaƙan da gangan suke yi, tunda gulma talla ce da ba a biyan kuɗinta.

Kar ka ɗauka ina wanke su ne. Akwai masu taɓa addini, amma a fili suke yi. A 1989 Madonna ta yi rawa a gaban gicciye masu cin wuta a bidiyon Like a Prayer, Fadar Vatican ta yi tir, kamfanin Pepsi ya janye tallar da ya yi da ita. Ba a buƙaci wani ya tsayar da hoton ya zana jan da'ira kafin a gani ba. Hukuncin kallon irin waɗannan na malamai ne, ni aikina in nuna maka abin da ke cikin hoton.

Ka ba abokinka labarin bangon faifan Abbey Road na ƙungiyar Beatles na 1969. Mutum huɗu ne suke tsallaka titi a Landan. Aka yi ta yaɗa cewa ɗaya daga cikinsu, Paul McCartney, ya mutu an sauya shi da mai kama da shi, hujjar kuwa wai shi kaɗai ne ba takalmi, wai mai fararen kaya limami ne, mai baƙaƙe mai shirya gawa, na bayan kuma maginin kabari, har da lambar motar da ke gefe aka shigo da ita. Komai ya hau daidai, sai dai mutumin ya ci gaba da waƙa fiye da shekara hamsin bayan haka. Wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya rasa hujja a cikin hoto.

Bangon faifai shi ma magana yake yi, kuma Najeriya tana da gwani a nan, Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa mawaƙi Fela Kuti bango 26 tun daga 1974. A na Beasts of No Nation na 1989 ya zana shugabanni irin su Margaret Thatcher ta Birtaniya da Ronald Reagan na Amurka da P. W. Botha na Afirka ta Kudu da ƙaho da fiƙa. Kafin allura ta taɓa faifan ka san da wa ake faɗa. Shi ya sa da Falz ya ɗauko Lemi ya zana masa bangon Moral Instruction a 2019, zaɓen mai zanen kansa sanarwa ce: ni magajin Fela ne. Burna Boy, wanda kakansa Benson Idonije ya taɓa zama manajan Fela, ya bi wata hanyar a shekarar, ya sa fuskarsa a bangon African Giant da aka tsara kamar takardar kuɗi, wurin da shugabanni ke zama. Sai dai bangon Lemi na inci 12 ne, ka riƙe a hannu kana karantawa. Na yau a fuskar waya yake, bai fi tambarin wasiƙa ba, shi ya sa aka koma fuska ɗaya, launi ɗaya mai ƙarfi, da motsin hannu da za a hango daga nesa.

In kana so ka gwada da kanka, kashe sautin bidiyon ka kalla. Duba wanda kyamara ke kallo daga ƙasa don ya yi girma, da wadda ake nuna sassan jikinta ba a damu da fuskarta ba. Duba abin da aka maimaita. Sannan ka kunna sauti ka ga ko hoton yana bin kalmomin ko yana ƙaryata su. Fassarar da ta dogara da daƙiƙa ɗaya da aka tsayar, ba ta da goyon bayan kalmomin waƙar ko tarihin mawaƙin, ajiye ta gefe.

Ka yi wannan gwajin a bidiyon waƙoƙinmu na Hausa ma. Dubi hannaye. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda rungumar da ta bayyana a bidiyon mawaƙi ClassiQ, kuma ƙa'idar hana taɓa juna tsakanin mace da namiji ta haifar da salo na kanta. Saurayi da budurwa suna waƙar soyayya, shaddarsa da leshinta launi ɗaya, yana miƙa hannu tana kaucewa, kyamara tana zagaye su, mai tacewa yana yanka daga idonsa zuwa nata don ya haɗa abin da aka hana su haɗawa. Tazarar nan da ke tsakaninsu auna ta aka yi, kuma darakta yana aunawa ne da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a zuciyarsa.