Tambaya da Amsa: "Baba Fasto, hannun da ya harba bindiga zai iya karɓar Jibin Ubangiji?"

Tambaya:

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni soja ne, shekarata 11 da sa kaki, huɗu daga ciki a Arewa maso Gabas na yi su, yanzu an dawo da ni Kaduna. Wani dare muna gadin shinge sai ga mai babur a guje. Muka haska shi da tocila, muka yi ta ihu ya tsaya, bai tsaya ba. Lokacin an hana hawa babur a yankin, kuma kwana uku kafin nan bam ya tashi da abokan aikinmu biyu. Ni na harba. Da gari ya waye muka ga saurayi ne, ba komai a bayan babur ɗin sai buhun barkono. Tun daga ranar ban ƙara cin Jibin Ubangiji ba. Da na ga dattawa sun yaye farin ƙyallen da ke kan tebur sai in zame in fita. Wani ɗan'uwa a zumuntar maza ya ce mini aikin soja ɗungurungum zunubi ne ga mai bi. Haka ne? Kuma Allah zai gafarta mini?

Wani soja, Sabon Tasha

Amsa:

Ɗana, sannu. Sau uku na karanta wasiƙarka kafin na ɗauki biro.

Ni ma ɗan bariki ne. Mahaifina ya yi yaƙin basasa daga 1967 har aka gama a 1970, kuma bayan ya dawo bai ƙara yanka ko kaza ba. Ranar Kirsimeti sai ya wasa wuƙa da kansa a bakin turmi, ya miƙa mini, ya zaga bayan ɗaki har sai mun gama fige ta. Ina yaro na ɗauka ƙyama ce. Sai da na yi furfura na gane.

Maganar ɗan'uwan nan ta fi sauƙi, bari mu sallame ta. Bai faɗi abin da babu mai faɗa ba. Tun ƙarni na uku Tatuliyan, wani malamin ikkilisiya a Afirka ta Arewa, yake cewa mai bi bai kamata ya ɗauki takobi ba, kuma 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da aikinsu ya fara a Garkida a 1923, sun gaji koyarwar ƙin ramuwa. Mutanen da aka ƙwace musu hedkwata a Kwarhi a 2014 ba su ne zan koya wa ma'anar juya ɗaya kuncin ba. Ina girmama su. Amma ban yarda cewa kaki zunubi ne ba. Da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambaya me za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba; a Luka 3:14 cewa ya yi kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su dangana da albashinsu. (Wannan aya ta kamata a rubuta ta a jikin kowane shinge daga Kawo har Zariya, amma wannan zance ne na wata rana.) Yesu ya yabi bangaskiyar wani jarumin sojan Roma a Kafarnahum, kuma Karniliyas da Bitrus ya sa aka yi wa baftisma a Kaisariya hafsan soja ne. Romawa 13 ta ce ba a banza mai mulki yake riƙe da takobi ba. Wanda ya kwana a daji don mata su iya zuwa gona, ba ni ne zan kira shi mai zunubi saboda aikinsa ba.

To amma ba wannan ke hana ka barci ba. Buhun barkonon nan ne.

Ba zan ce maka "ai aiki ne, ka manta" ba, don na san abokanka sun riga sun faɗa maka kuma bai yi amfani ba. Buɗe Littafin Ƙidaya sura 35. Allah ya raba kisa gida biyu: wanda aka yi da ƙiyayya da kwanto, da wanda ya auku ba tare da gaba ba. Na farko shi ne kisankai da doka ta hana a Fitowa 20:13. Na biyu kuwa aka keɓe masa birane shida na mafaka, uku a hayin Urdun, uku a ƙasar Kan'ana. Ka lura da abu biyu. Ba a kashe mutumin ba, domin ba mai kisankai ba ne. Amma kuma ba a ce ya wanke hannu ya koma gida kamar ba abin da ya faru ba. Jini jini ne, ko da kuskure aka zubar. Zai zauna a birnin, nesa da gonarsa da danginsa, har sai babban firist ya mutu. Ranar da babban firist ya mutu, ranar yake ɗaukar jakarsa ya koma gida, ba mai ikon taɓa shi.

Ɗana, kai ma ka gudu ka shiga birnin mafaka, sai dai naka birnin shi ne harabar coci, inda kake tsayawa kusa da babura kana jira a gama. Abin da ba ka kula ba shi ne Babban Firist ɗin ya riga ya mutu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce Yesu ne Babban Firist namu, kuma da jinin kansa ya shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya tak. Gurasa da ƙoƙon da kake gudu, shelar mutuwar nan ce ake yi da su.

Abin da ke zuciyarka lokacin da ka ja kunamar bindiga, ko tsoro ne zalla, ko akwai haushin abokanka biyu a ciki, kai da Allah kuka sani. In akwai haushi, ka kira shi da sunansa a gaban Allah, kada ka lulluɓe shi da "umarni aka ba ni". Sarki Dawuda ya sa an kashe Uriya da gangan, ta hanyar wasiƙa, amma da ya ce wa annabi Natan ya yi wa Ubangiji zunubi, aka gafarta masa. 1 Yahaya 1:9, da ta ce in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana, ba ta ware masu kaki ba.

Ga abin da nake so ka yi. Kafin Lahadin Jibi mai zuwa, ka sami fastonka ko limamin sojoji na barikinku, ka faɗa masa labarin da bakinka kamar yadda ka rubuto mini, har da barkonon. Ka riƙa yi wa uwar yaron nan addu'a. Ba ka san sunanta ba, Allah ya sani. In kana firgita cikin barci ko ƙarar knockout ta Kirsimeti na sa ka kwanta ƙasa, ka je Asibitin Sojoji na 44 ko asibitin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, ba rashin bangaskiya ba ne. Matarka ma ta ji wani abu daga bakinka, ko da kaɗan ne, don ta daɗe tana lura da kujerar da kake bari.

Ran Lahadin kuma, ka zauna a tsakiyar benci, ba a bakin ƙofa ba, ka sa matarka ta zauna ta gefen hanya.