Hukuncin aikin ƙona cikin zuciya ga mai bugun zuciya barkatai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka mana. Babanmu ne zuciyarsa take bugawa barkatai, likita ya ce ɗakunan sama na zuciyar ne suke karkarwa maimakon su matse jini, an ɗora shi a kan wafarin, wato maganin tsinka jini, da maganin rage gudun bugun amma abin yana dawowa, yanzu sun ce a yi masa aikin da za a ƙona wani wuri a cikin zuciyar, shi kuma ya ƙi wai Annabi ya hana lalas, ya ce ƙaho zai yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kuma gaskiya hadisin da ya riƙe ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa waraka tana cikin abu uku, shan zuma da tsagar ƙaho da lalas da wuta, sai Annabi (SAW) ya ce ina hana al'ummata lalas. To amma a Muslim, Annabi da kansa ya yi wa Sa'ad bn Mu'az lalas a jijiyar da aka harbe shi, kuma ya tura wa Ubayyu bn Ka'ab mai magani ya yanke masa jijiya ya ƙona ta. Shi ya sa malamai suka ce hanin yana kan wanda ya yi ba da buƙata ba ko ya ɗauka wutar ce da kanta take warkarwa. Idan ƙwararren likita ya ce ana buƙata, ya halatta.

Ballantana wannan aikin ba ƙarfe ake dasa wa mutum a fata ba, siririyar waya ce ake zurawa ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙona ko a daskarar da ƴan wurare a bakin jijiyoyin da suke kawo jini daga huhu, nan ne yawanci ruɗanin yake tasowa, kuma an kashe masa zafi. Buɗe cinyar ma lalura ce, gwargwadonta ake yi. Ba na cewa wajibi ne, wani lokacin ciwon yana dawowa bayan aikin, in ya zaɓi zama kan magani da shawarar likita babu laifi.

Inda hankalina ya tashi shi ne ƙahon nan. Mai shan maganin tsinka jini idan aka tsaga shi jinin zai iya ƙin tsayawa, in kuma ya ajiye maganin don ƙaho, jini zai iya daskarewa a zuciyar ya tafi ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki kenan, masu wannan ciwo haɗarinsu ya kai kusan ninki 5. Wannan kam bai halatta ya yi ba sai likitansa ya yarda, Allah ya ce kada ku jefa kanku ga halaka. Ku karanta masa hadisin Sa'ad a hankali cikin ladabi, kada ku yi masa gardama a gaban mutane. Wallahu a'alam.