Ku Tambaya Mu Amsa: Barcin matuƙa jirgi da batun furfura

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, kuma sau da yawa jirgin da nake shiga daga filin Diori Hamani sai tsakar dare yake tashi. Mu fasinjoji da an ɗaga sai barci. To su matuƙan fa, barci ba ya ɗaukarsu? Daga wani Alhaji, unguwar Wadata, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yana ɗaukarsu mana. Daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe zafin jikin ɗan Adam yana sauka, hankali ya yi nauyi, ko da mutum ya kwanta da rana. Shi ya sa dokar Turai ta yarda matuƙi ya yi aikin awa 13 idan da safe ya fara, amma aikin dare ta rage shi zuwa awa 11. Lissafin kuwa daga lokacin da ya iso wurin aiki ake farawa, tun kafin ya shiga jirgi.

Abin da aka fi tsoro shi ne gyangyaɗin daƙiƙa kaɗan wanda mai shi bai ma san ya yi ba. Jirgi mai sauka yana gudun wajen kilomita 250 a awa, wato kusan mita 70 kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 5 ya cinye mita 350 ke nan. Kafin a kai nan akwai alamu: hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta kira ba a amsa ba, a tsallake layi a takardar duba na'urori, ido ya kafe kan agogo ɗaya a manta sauran.

Maganin da hukumomi da dama suka yarda da shi, ban da ta Amurka, shi ne matuƙi ɗaya ya ɗan runtsa a kujerarsa bisa ƙa'ida. Sai jirgi ya daidaita a sama. Mutum ɗaya ne a lokaci guda, bayan ya danƙa wa abokinsa jirgin da rediyo. Ana sanar da ma'aikatan cikin jirgi domin su riƙa kiran wanda ke farke, kada shi ma barci ya sace shi. Hutun ba ya wuce minti 45, don barcin kansa ya tsaya wajen minti 30. Idan ya farka ba ya taɓa komai sai an yi minti 20, kuma dole a gama duk wannan aƙalla minti 30 kafin a fara gangarowa.

Dalilin ƙayyade mintocin shi ne magagi. Wanda ya nutse cikin barci mai nauyi yana tashi da kai a daskare. A ranar 22 ga Mayu 2010, jirgin da ya taso daga Dubai ya zarce titin sauka a Mangalore ta Indiya, mutum 158 suka rasu. Bincike ya gano kyaftin ɗin ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi a hanya, ya sauko da jirgin yana sama fiye da kima, mataimakinsa ya yi ta cewa a fasa sauka a sake zagayowa bai saurara ba. A doguwar tafiya kuma matuƙa uku ko huɗu ake sawa, da gadon kwana a keɓe.

TAMBAYA: Da za mu tafi aikin Hajji na hango direban jirginmu, kansa fari fat, gabana ya faɗi. Ba a yi musu iyakar shekaru ne? Daga wata Hajiya, Tahoua.

AMSA: An yi, Hajiya. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Nijar ke cikinta ta hannun ANAC, hukumarta ta jiragen sama, ta kafa shekara 65 ga jirgin fasinja mai matuƙa biyu da ke ƙetare iyaka, 60 ga mai tuƙi shi kaɗai. A 2006 aka ɗaga daga 60 zuwa 65 da sharaɗin ɗayan bai kai 60 ba, a 2014 aka cire sharaɗin. Wanda ya haura 60 likita yana duba shi duk wata shida: zuciya, hawan jini, ido, kunne.

Gardamar yanzu a kan ɗaga iyakar zuwa shekara 67 ce. Japan ta amince da ita tun 2015. Majalisar Amurka ta ƙi a 2024, sannan ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, IATA, ta kai buƙatar gaban ICAO a 2025. Kamfanoni suna kukan ƙarancin matuƙa, manyan ƙungiyoyin matuƙa kuma suna cewa hujjar lafiya ba ta isa ba. (Kada a manta, kujerar kyaftin da dattijo bai bari ba ita ce matashi yake jira.)

Tsufa yana da nasa tasiri, kuma da dare ya fi bayyana. Barcin dattijo ba ya nauyi, yana saurin farkawa, barcin rana yana masa wuya, don haka gajiyar aikin dare tana daɗewa a jikinsa. Idonsa ma ba ya jure hasken fitilu cikin duhu kamar da, abin lura ga mai sauka Yamai lokacin hazo. Amma Chesley Sullenberger yana da shekara 57 ya yi saukar gaggawa da jirgi a kogin Hudson na Amurka a Janairun 2009, mutum 155 suka tsira. Bayan wata guda wani jirgi ya faɗi kusa da birnin Buffalo, shi ma a Amurka, mutum 50 suka mutu. Kyaftin ɗin shekararsa 47, mataimakiyarsa 24, ita kuwa a hanya ta kwana tana zuwa wurin aiki. Wannan hatsarin ne ya haifar da dokar Amurka ta 2014: hutun awa 10 kafin aiki, 8 daga ciki na barci. A ganinmu jadawalin aiki ya fi takardar haihuwa cancantar a sa masa ido.

TAMBAYA: Kafe ko goro ba sa maganin abin? Daga wani ɗalibi, Yantala.

AMSA: Suna jinkirta shi kawai, ɗalibi. Sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar wajen minti 30 kafin ya kama jiki, kuma bayan kimanin awa 5 rabinsa yana nan a jini. Matuƙin da ya sha dab da saukar asuba zai isa masauki ya kasa barci, ya shiga aikin daren gobe da bashi. Ƙwayar sa barci kuwa ba ya shanta sai da izinin likitan matuƙa.