Zancen gashin cibiya da kika tambaye ni

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sauke ki lafiya. Kin ce uwar mijinki ta riga ta tanadi tsingaro da toka da man shanu na gashin cibiya, ke kuma ranki bai kwanta ba tunda kin taɓa aiki da dafin tetanus, wato ciwon sarƙe-haƙora, a ɗakin gwaji lokacin kina jami'a a Khartoum, kina so ki ji shin addini ne ko al'ada, kuma yaya za ki ƙi ba tare da an ce kin raina manya ba.

To al'ada ce, babu aya babu hadisi a kai. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar nan Sudan da ita suka zo, kuma da niyya mai kyau suke yi, so suke cibiya ta bushe ta faɗi kafin suna, kar ta yi wari. Abin da ba su sani ba shine ƙwayar ciwon nan da Larabawa ke cewa kuzaz, mu muke cewa sarƙe-haƙora, a ƙasa take kwance da cikin kashin dabbobi, tana iya shekaru bata mutu ba, kuma inda iska bata shiga nan take farfaɗowa. To kinga cibiya ɗanya da aka cusa mata toka daga murhun tsakar gida inda awaki ke yawo, aka kuma liƙe da mai, ai an gama mata shimfiɗa.

Ni da na yi aikin daya, wato ungozoma, na ga abin da idona, ba labari ba. Jariri ya zo lafiya lau, kwana biyu yana tsotso da ƙarfi, wajen kwana biyar ko shida uwa ta ba shi nono baki ya ƙi buɗuwa, hannu a dunƙule, baya ya gantsare, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya sandare, ga ragon suna an riga an ɗaure a waje. Sai a ce iska ce ko bakin mutane. Wallahi ba iska ba ce, dafin ne ya bi jijiya ya hau har laka ya tsinke abin da ke sa tsoka ta saki, kamar mota ce aka cire mata birki. Yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 14 da haihuwa yake bayyana, kuma in ya kama jariri da wuya ya tashi in ba babban asibiti mai na'urar numfashi.

Ki tuna yadda kike ba ni labarin aikinku. Ba a barin kowa ya taɓa kwalbar dafin sai an duba katin allurarshi, ga safar hannu ga tabarau, garin dafin ba a buɗe shi sai cikin akwatin nan mai zuƙe iska, ana kaffa-kaffa da allura kar ta soki mutum, in an gama a jiƙa komai a ruwan bilic ko a dafa a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Har kika ce in jijiya kawai ake son bi a gani akwai ɓangaren dafin da baya cutarwa, shi ake ɗauka. Duk wannan tsoron akan abin da ko gani da ƙyar ake yi. To shi wannan dafin ne ƙwayar ke ƙerawa da kanta a cibiyar jariri, ke da kika san haka bai kamata ki yi shiru dan kunya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai wajen 787,000 ne ciwon ya kashe a 1988, zuwa 2018 ya dawo wajen 25,000, kuma ba komai ya kawo haka ba illa allurar masu ciki da haihuwa cikin tsafta. Sudan har yau muna cikin ƙasashen da ba su gama da shi ba, ga yaƙin nan tun Afrilun 2023 ya watsa asibitoci, mata da yawa sun koma haihuwa a gida. Dan haka ki duba katinki, in ba ki cika ba ki karɓi allura biyu da tazarar sati huɗu, ta biyun a ƙalla sati biyu kafin haihuwa, kariyar ta jikinki take wucewa zuwa ɗan. In a gida abin ya zo, reza sabuwa fil daga takardarta, zare a tafasa, hannu a wanke da sabulu, cibiya kuma a barta a bushe ko a ɗiga maganin kulohezidin da ake bayarwa dan ita. Wanzami ma ranar aski ya zo da sabuwar reza, cire beli kuwa ni ban yarda a yi wa jikana ba.

Sauran al'ada ki riƙe abarki, huɗuba a kunne, binne mabiyiya, ragon suna, zaman jego, duk ki bar mata ta jagoranta. Kar ki je mata da turanci ko ki ce abin nata ƙazanta ne, ita ma da haka ta raini 'ya'yanta. Mijinki ya fara yi mata magana, sannan ki miƙa mata kwalbar maganin ki ce Hajiya ke za ki riƙa sa mai da hannunki. In ta ƙi ji ki haɗa ni da ita a waya bayan la'asar, tsarata ce, za mu fahimci juna.