Tambaya da Amsa: Ba duk koren taswira ne daji ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, ƙasar Kamaru, zan yi bincike kan itatuwan da ke kewayen gandun dajin Binuwai. Yaya zan yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam in zaɓi wuraren awo?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Sauko da hotunan tauraron Sentinel-2, kyauta ne. Kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa, kuma ana sake ɗaukar wuri duk kwana 5. Ka buɗe su a QGIS, manhajar taswira, bisa ma'aunin UTM 33N mai awo da mita, shi ne na yankinmu. In ka bar su a digiri, lissafin hekta zai tashi a karkace.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne watan da aka ɗauki hoto. A Agusta ciyawa da dawa da auduga duk shar suke, kwamfuta ba ta bambance su da kurmi, ga gajimare. Nemi na ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin ciyawa ta bushe, itatuwa ba su gama kaɗe ganye ba. Da ka makara, hazo da tabon gobarar daji za su ɓata maka aiki. Gawo kuwa nasa daban ne, da rani yake ganye, sai gonar da ta cika da shi ta fito kamar daji. Haka darbejiyar bakin gari.

Kada ka jingina da Global Forest Watch, shafin intanet mai taswirar dazuzzukan duniya, kaɗai. Itacen da ya haura mita 5 take ƙirgawa, ɗigonta mita 30, don haka itatuwan da ke warwatse sukan kuɓuce mata.

Raba yankin gida uku: dajin doka, kurmin bakin rafi mai marke da maɗaci, da saura, wato gonakin da aka bari su huta. A kowane gida bari QGIS ta jefa maka wurare ba zaɓe, har da ƙari na ko-ta-kwana. In da ido ka zaɓa, duk za su taru a gefen titin Garwa zuwa Ngaundere, inda masu gawayi suka riga ka.

Kowane filin awo ka yi shi mita 50 tsawo, 50 faɗi, wato rubu'in hekta. GPS ɗin waya kan yi kuskuren mita 5 ko fiye, ƙaramin fili ba zai dace da hoton ba.

Kafin ka kafa turke, karɓi izini daga ma'aikatar gandun daji, ka gai da jauron ƙauyen. Shi zai nuna maka burtali da makabarta, waɗanda da wuya ka gane su a hoto.