Taurarin masu sharhin jaz: me za a duba kafin a ciro kuɗi a sayi faifai?

Saƙonni uku na ɗauko wannan makon, dukkansu a kan masu sharhin kiɗan jaz ne da makin da suke ba fayafai. Na ɗan rage ma wasu tsawo.

"Salamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a harkar jaz, wani abokina ya ba ni aron littafin nan Penguin Guide to Jazz, sai na ga sun ba wani faifai mai suna Machine Gun na Peter Brötzmann taurari huɗu har da ɗan zanen kambin sarauta a gefe, nace to tunda babu na sama da wannan bari in fara da shi, na sa aka yo min odar sidi daga waje da kuɗin aikawa da komai. Wallahi ko minti uku ban iya yi ba, ihu ne kawai da hayaniya, har maman yara ta leƙo tana tambaya ko spika ce ta lalace. Dan Allah masu sharhin nan ba yaudararmu suke ba kuwa? In sayar da shi in daina bin ta tasu?" Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Wa alaikumus salam Malam. Na ji zafin kuɗin nan naka ƙwarai, yanda dala take yanzu ba ƙaramin abu bane mutum ya yo oda daga waje ya kasa saurara. Amma ba yaudara bace. Mutum biyu ne suka rubuta littafin, Richard Cook da Brian Morton, ƴan Birtaniya, bugun farko ya fito 1992, kuma kambin nan da ka gani ba yana nufin "kowa ya saya" bane, alama ce ta faifan da su su biyun suke ƙauna a ransu. Daga baya ma sai da suka ƙaro wani jerin daban na fayafan da suke ganin ya kamata mai fara tarawa ya mallaka. To su kuma mutane ne da kunnensu ya karkata sosai wajen jaz ɗin Turai da irin wanda ake sakin jiki a busa ba tare da bin tsarin karin da aka saba ba, kaga kenan kai da kake neman ƙofar shiga sai ka faɗo ta taga.

Shi Machine Gun a 1968 aka ɗauke shi a birnin Bremen na Jamus, mutum takwas ne, masu saksofon uku, masu ganga biyu, masu bes biyu da mai fiyano ɗaya, kuma da gangan suka yi shi haka, shekara ce ta zanga-zangar ɗalibai a Turai ga yaƙin Biyetnam, matasa ne masu fushi suka zuba fushin a ƙaho. Ni a wurina ya cancanci kambin, sai dai ba zan taɓa miƙa ma sabon shiga shi ba.

Kuma kar ka ɗauka su masu sharhin bakinsu ɗaya. Mujallar DownBeat ta Amurka, wadda take fitowa tun 1934, a farkon 1962 ta ba mutum biyu faifan Free Jazz na Ornette Coleman su yi sharhi a fitowa ɗaya, Pete Welding ya ba shi taurari biyar cif, John Tynan ko ɗaya bai ba shi ba. Faifai ɗaya, mujalla ɗaya, rana ɗaya. Shi Tynan ɗin ne dai a 1961 ya ce abin da masu saksofon John Coltrane da Eric Dolphy suke busawa kishiyar jaz ne, har sai da su biyun suka zauna da mujallar suka maida martani a 1962, yau kuma je ka duba duk wani jerin manyan fayafai ka gani ko za ka rasa Coltrane a ciki. Sannan ka lura ma'aunin ma ba ɗaya bane, a DownBeat biyar ne ƙarshe, a Penguin huɗu ne, mutane da yawa sai su ga huɗu a can da huɗu a nan su ɗauka daraja ɗaya ce.

Abin da nake so ka yi shi ne ka auna mai sharhin kafin ka bari ya auna maka faifai. Ɗauko fayafai biyar ko shida da ka riga ka saurara ka san ra'ayinka a kansu, wanda kake so da wanda ba ka so, ka duba me ya ce a kansu, daga nan za ka gane inda kunnenku ya haɗu da inda ya rabu. Ko wanda kuka saba da shi ɗin ma yana da amfani indai ra'ayinsa a tsaye yake. Akwai wani Bature marubucin waƙoƙi, Philip Larkin, ya yi shekara goma yana sharhin jaz a jaridar Daily Telegraph daga 1961 zuwa 1971, ba ya ƙaunar Coltrane ko kaɗan kuma bai ɓoye ba, amma in ya zo kan Louis Armstrong ko Sidney Bechet sai kaji mutum yana magana da dukkan zuciyarsa kuma ya san abin. To irin wannan in ya yaba tsohon kiɗan New Orleans ka saya ido rufe, in ya kushe na zamani ka wuce abinka ka tambayi wani. Wanda nake tsoro shi ne mai raba taurari huɗu ma kowa, ba ka san me yake so ba balle me ya ƙi.

Sidin kuma kar ka yi saurin rabuwa da shi in ba kuɗin kake buƙata ba. Fara da Somethin' Else na Cannonball Adderley ko Moanin' na Art Blakey, duk a 1958 aka ɗauke su, daga nan ka hau A Love Supreme na Coltrane, in kunnenka ya zauna da wannan sai ka dawo ma Brötzmann, kuma ranar kar ka bi masu busa, masu gangar nan biyu zaka bi ka ji yanda suke tura juna. In har lokacin bai shige ka ba to shikenan, kowa da kiwon da ya karɓe shi, ka sayar. Amma daga yau duk abin da zaka saya ka fara jin sa a YouTube ko Spotify, datar minti ashirin ta fi odar da za ka yi nadama araha.

"Yaya barka da aiki. Gardama muke da abokina kullum a majalisa, shi yace masana sun gama magana Miles Davis ya lalace tunda ya koma kiɗan lantarki, wai kuɗi ya bi, kar in kuskura in sayi On the Corner in sayi Kind of Blue. Ni kuma ɗan abin da na ji na On the Corner ya min daɗi dan ni mutumin Fela ne. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne?" Daga wani ɗalibi a Samaru.

Ƙanina sayi On the Corner. Ka riga ka ji ya maka, me kuma kake jira.

Amma abokinka ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, gara ka san tushenta dan gardamar taku ta yi armashi. Lokacin da faifan ya fito a 1972 masu sharhi da yawa sun yi masa kaca-kaca, kuma Stanley Crouch, wanda a zamaninsa yana cikin masu sharhi mafi kaifin alƙalami a Amurka kuma na hannun daman mai busa ƙaho Wynton Marsalis, ya yi dogon rubutu a 1990 yana zargin Miles da saida mutuncin kiɗansa. Hujjarsu itace jaz yana da ginshiƙai, akwai lilon kiɗa da salon blues, tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka, da yanda mai busa zai tashi ya gina zance daga farko har ƙarshe, su kuma suna ganin Miles ya watsar da wannan ya kama bin matasa. Ban raina wannan hujjar ba dan wanda ya faɗe ta ya san kiɗa, kuma gaskiya ne a On the Corner ba za ka samu irin busar nan mai ratsa jiki ta shekarun 1950 ba, ƙahon ma ya haɗa shi da na'ura yana fitowa guntu-guntu.

Inda na rabu da su shi ne zancen wai kuɗi ya bi. Wanda ke neman kasuwa ba ya yin faifai irin wannan, bes ɗin Michael Henderson na maimaita abu ɗaya na tsawon mintuna ba ya gusawa, ga tabla da sitar na Indiya, ga ganguna sun cakuɗe, ga furodusa Teo Macero ya yanka tef ya jona, ba amshi ba waƙa, Miles na sauraren James Brown da Sly Stone a gefe guda kuma yana sauraren Stockhausen, mai tsara kiɗan zamani na Jamus. Kuma a lokacin ma bai wani sayu ba. Sai da aka yi shekaru masu kiɗan hip-hop da na lantarki suka gano shi, har kamfanin Columbia ya fitar da cikakken zaman ɗaukar a sidi shida a 2007, masu sharhi na baya suka dawo suna yabo.

Abu ɗaya zan ja maka kunne, kar ka shiga da tsammanin Fela. Wurin Fela akwai murya, akwai ƴan amshi, masu ƙaho na busa kari ɗaya tare wanda zaka iya bi da baki, nan babu ko ɗaya, zallar kiɗan ƙasa ne. In kana son gadar da ta fi kusa nemi faifan da Tony Allen, makaɗin gangar Fela, ya yi na girmama Art Blakey a 2017 a kamfanin Blue Note. Kind of Blue kuwa, tsohon faifan Miles na kafin lantarki, ba inda za shi, ba a taɓa daina buga shi ba, duk ranar da kuɗi suka samu yana nan, kuma abokinka ya yi gaskiya a kansa, ka faɗa masa haka.

"Malam ina wuni. Babanmu ya yi ritaya, yana da tsohon garmaho da yake ji da shi, ina so in sai masa faifan jaz kyauta. Na duba intanet kowa da jerin goman da yace sun fi, kaina ya ɗaure, sannan wasu na cewa in ba bugun asali ba asarar kuɗi ne. Shi mai son abu a natse ne kuma a ABU ya yi karatu wajen 1983." Daga wata ƴar'uwa a Kaduna.

Lafiya lau ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri ya ƙara ma Baba lafiya. Ajiye jerin goman nan gefe, ki nemo masa Eastern Sounds na Yusef Lateef, wanda aka ɗauka a 1961. Ba kasafai zaki gan shi a saman jerin masu sharhi ba amma kiɗa ne mai sanyi, Lateef na busa saksofon da sarewa da wata abar busa ta Turawa mai kara biyu a baki ƴar'uwar algaita. Sannan ga abin da ya sa na zaɓa ma Baba shi musamman, Lateef Musulmi ne Ba'amurke da ya tashi a Detroit, ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta ABU, har ya yi nazari a kan sarewar Fulani. Kinga lokacin Baba na makarantar kenan, ki tambaye shi ko ya taɓa jin labarinsa, hirar da za ku yi ma kyauta ce.

Zancen bugun asali kuma na masu tara kayan tarihi ne, ki bar musu. Tsada ne da shi, ga jabu, ga shi faifan da ya shekara sittin yana yawo hannu-hannu da wuya ya rasa ƙarce, kuma ba kullum na asalin ya fi ba, Kind of Blue ma kansa wasu tsoffin bugunsa gefen farko na gudu da ɗan sauri fiye da yanda aka kaɗa saboda matsalar injin tef, sai a 1992 aka gyara. Sabon bugu a leda daga kamfanin da ke da haƙƙin faifan ya wadatar. In na hannu zaki saya a irin su Discogs, kasuwar fayafai ta intanet, kar ki sauka ƙasa da VG+, wato makin faifan da aka yi amfani da shi amma yana da kyau sosai, ki sa mai sayarwa ya turo miki hoton faifan kansa a haske ba kwalin kaɗai ba, kuma ki ce ya cire faifan daga kwali ya naɗe su gefe da gefe kafin ya aiko dan kar gefen kwalin ya tsage a hanya.

Kafin duk wannan ki leƙa garmahon tukunna, ki tabbata yana juyawa a gudun 33, wato zagaye 33 a minti, dan wasu tsoffin na 78 ne kawai, kuma in allurar ta daɗe a canza ta, tsohuwar allura na cinye sabon faifai. Idan ya iso kar a bar shi cikin mota a rana ko awa ɗaya, zafinmu na Maris da Afrilu lanƙwasa shi zai yi, a jingine shi a tsaye cikin ɗaki nesa da taga, lokacin hunturu kuma a dinga goge ƙura da burushi mai laushi kafin a ɗora allura.